Tambayoyi da amsoshi kan tara littafin Proust da karanta shi a Yamai

Shekara huɗu ke nan muna zama, mu kaɗan, a ƙofar gidan wani tsohon malamin lise da ya yi ritaya a unguwar Yantala, kowace Asabar bayan la'asar, muna karanta dogon littafin nan na Marcel Proust mai suna À la recherche du temps perdu, wato neman lokacin da ya ɓace. Tun da labarin zaman ya bazu, ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da ma'aikata da malaman makaranta suke tare mu da tambayoyi, kuma kusan kullum tambayoyin iri ɗaya ne. Na tattara su a nan tare da amsoshin da nake bayarwa. Ra'ayin nawa ne, kuma inda abokan zama suka saɓa mini na faɗa.

Wane irin littafi ne wannan, kuma me ya sa sunansa kaɗai yake sa mutane ja da baya?

Ƙagaggen labari ne guda ɗaya da aka raba mujalladi 7, ya fito a Faris tsakanin 1913 da 1927, kalmominsa kuma sun haura miliyan ɗaya. Mutum ɗaya ne yake ba da labarin rayuwarsa da bakinsa, tun yana yaro mai jiran mahaifiyarsa ta hawo bene ta yi masa sai da safe, har zuwa ranar da ya shiga wata liyafa ya tarar tsufa ya sauya kamannin duk waɗanda ya sani, ya kuma gane abin da ya kamata ya zauna ya rubuta. Tsakanin waɗannan iyakoki akwai soyayya da kishi, da ziyarar manyan gidaje, da mutuwa, da yaƙin da ya ɓarke a 1914.

Kaurin littafi kaɗai bai isa ya tsorata mutanenmu ba, tunda a gidaje da yawa akwai littattafan tafsiri da na fiƙihu da suka fi shi cika kanta. Abin da ke karya gwiwa shi ne tafiyar hawainiya da labarin yake yi: mutum zai karanta shafi ashirin ya ɗaga kai ya ga har yanzu ana kan teburin cin abinci ɗaya. Wannan ƙorafi ya girmi kakanninmu. Kafin littafin ya fito, kamfanonin ɗab'i uku sun ƙi karɓarsa, kuma shugaban ɗaya daga cikinsu, Alfred Humblot na kamfanin Ollendorff, ya nuna mamakinsa a wasiƙa cewa mutum zai ɓata shafi talatin yana bayanin yadda yake juyi a kan gado kafin barci ya ɗauke shi. A ƙarshe Proust da kuɗin aljihunsa ya biya kamfanin Grasset aka buga mujalladi na farko. Marubuci André Gide, wanda yake cikin waɗanda suka ƙi littafin a kamfanin NRF, ɗaya daga cikin ukun nan, ya rubuto daga baya yana nadama, mujalladi na biyu kuma ya ci kyautar Goncourt, babbar kyautar adabi ta Faransa, a 1919.

Mujalladan nan bakwai, da wane tsari ake bin su?

Na farko shi ne Du côté de chez Swann na 1913, sai À l'ombre des jeunes filles en fleurs na 1919, sai Le Côté de Guermantes da ya fito kashi biyu a 1920 da 1921, sai Sodome et Gomorrhe tsakanin 1921 da 1922. Proust ya rasu ranar 18 ga Nuwamba 1922 yana da shekara 51, bayan ya daɗe yana fama da ciwon asma, saboda haka ukun ƙarshe, La Prisonnière na 1923 da Albertine disparue na 1925 da Le Temps retrouvé na 1927, bayan rasuwarsa aka fitar da su, ƙanensa Robert yana cikin masu kula da aikin. Ina ba kowa shawara ya rubuta waɗannan sunaye a ƴar takarda ya sa a aljihu kafin ya tafi kasuwa, domin mai sayarwa sunan marubucin kaɗai yake riƙewa, kuma a bakin yawancinsu ma Furus ne.

A ina ake samun su a nan Yamai?

Akwai kantunan littattafai da za su iya yi wa mutum odar sabo daga waje idan ya ba da kafin alƙalami ya kuma yi haƙurin jira, sai dai kuɗin ya fi ƙarfin ɗalibi. Yawancinmu a wurin masu baza littattafai a ƙasa muka tara namu, a kewayen Babbar Kasuwa da bakin hanyoyin da ɗalibai ke bi, inda ake tarar da littafin lissafi na ajin ƙarshe kwance kusa da tsohon ƙamus da mujallun da rana ta cinye. Ba a zuwa wurinsu da gaggawa. Ni na ɗauki wata goma sha huɗu kafin in haɗa bakwai ɗin, kuma babu biyu a cikinsu da suka fito daga hannu ɗaya: na farko na saye shi jikka ɗaya a ƙasa, na uku wani ɗan'uwa da ke karatu a Dakar ya aiko mini da shi a cikin kayan wani matafiyi, na biyar kuma na same shi a kwalin littattafan wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Tawa yana neman rage kaya.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce sabawa da mai sayarwa guda ɗaya. Akwai wani dattijo da nake tsayawa wurinsa duk ƙarshen wata, mu gaisa, in sayi ko da ƙaramin abu ne. Wata rana ina isowa ya ce, "Malam, na ajiye maka mutuminka, tom shida," ya sa hannu ƙarƙashin buhun da yake zaune a kai ya zaro shi. Na ce, "Baba, yaya aka yi ka san shi nake nema?" Ya ce ai ya ga duk zuwan da nake yi, idona kan farin bangon nan yake sauka in duba lamba in mayar. Da ban saba da shi ba, da littafin ya tafi hannun mai ƙosai an naɗe wa yara kalaci da shi.

Wane kuskure masu tarawa suka fi yi?

Babban tarko shi ne ɗan littafin da ake kira Un amour de Swann. Ana buga shi shi kaɗai saboda ƴan makaranta, shi ya sa ya fi kowanne yawa a kasuwa, mutum kuma sai ya saya yana murna ya sami mujalladi na farko, alhali kashi na biyu ne kawai daga cikin kashi uku na Du côté de chez Swann. Haka ma Combray, wanda shi ne kashi na farko, wani lokaci ana samunsa a ware.

Na biyu shi ne rabon mujalladai. Wasu kamfanoni sun raba na biyu da na uku da na huɗu gida biyu-biyu, har jimillar ta kai littattafai 10 kamar yadda take a bugun GF na Flammarion, saboda haka lambar da ke kan bango ba ta isa shaida ba. Wata malamar firamare da ke zama da mu ta karanta rabin farko na Guermantes ta wuce kai tsaye zuwa na huɗu, ta zo tana tambayarmu yaushe kakar mai ba da labari ta rasu ba ta ji ba. Ashe rabin da aka yi rasuwar a ciki ne ba ta da shi.

Na uku ya fi su rikitarwa. Mujalladi na shida yana da suna biyu, Albertine disparue da La Fugitive, kuma na san wanda ya sayi duka biyun yana zaton littattafai ne daban. Bayan haka akwai wani gajeren bugu na Albertine disparue da Grasset ya fitar a 1987, daga wani kwafi da aka gano a 1986 wanda Proust ya yanke wa babban kashi da hannunsa gab da rasuwarsa. Masu nazari suna daraja shi, amma wanda yake karatun farko ya nemi cikakken, domin idan ya bi gajeren zai shiga mujalladi na ƙarshe da giɓi a labarin. Kafin a biya kuɗi kuma, a buɗe ƙarshen littafin a tabbatar shafukan sun cika, a duba tsakiya ko gam ya saki.

Sai na tara duka bakwai kafin in fara karantawa?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da na fi nacewa a kanta. Tara littafin da karanta shi sha'awa biyu ce daban, kuma ta farko tana iya cinye ta biyu ba tare da mutum ya lura ba. Neman mujalladin da ya ɓace yana da daɗi irin na farauta, yana ba mutum dalilin zaga kasuwa da abin faɗa a fada, yana kuma ba shi uzuri mai kyau na ɗage farawa. Akwai wani abokinmu, ma'aikacin banki, da yake da bugu uku cikakku a falonsa, ɗaya ma mai bangon fata, ya san shekarar kowanne da sunan wanda ya rubuta masa gabatarwa, amma har yau alamar karatunsa tana shafi na 60 na mujalladi na farko. Ni kaina wata goma sha huɗun da na ambata, takwas daga ciki ban buɗe ko shafi ɗaya ba, ina cewa sai sun cika. Ranar da mai gidan da muke zama ya ji haka, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ka taɓa gani ya ƙi fara Nasi don ba a rubuta masa Baƙara a allo ba?"

Mujalladi na farko kaɗai zai riƙe mai karatu wata biyu ko uku. Kafin ya gama shi ya sami lokacin neman na biyu, kuma a lokacin ya san ko yana son ci gaba, bai zuba kuɗin bakwai a kan abin da ransa bai karɓa ba.

Wane bugu ya fi dacewa da mai farawa?

Ƙananan bugu na aljihu, irin Folio ko GF ko Livre de Poche, su na fi so, domin suna shiga jaka, ana iya rubutu a gefensu da fensir ba tare da jin zafi ba, kuma sababbinsu suna da bayanai a ƙarshe da taƙaitaccen jerin abin da ya faru shafi-shafi, wanda yake ceton mutum idan ya yi mako biyu bai karanta ba. Bugun Pléiade na Gallimard, wanda ya fito mujalladi 3 a 1954 sannan aka sake shi mujalladi 4 tsakanin 1987 da 1989 a ƙarƙashin Jean-Yves Tadié, abin sha'awa ne, amma takardarsa siririya ce ƙwarai, yatsa mai gumi a watan Afrilu yana barin tabo a kanta, kuma kusan rabin kaurinsa zayyanar farko ce da bayanan masana. Akwai kuma bugun Quarto na 1999 da ya haɗa komai a littafi ɗaya mai shafi kusan 2,400. Yana raba mutum da wahalar nema, sai dai ba a karanta shi a kwance, ba a kuma shiga faba-faba da shi. Mai gidanmu yana ganin haɗa bugu daban-daban ɓata karatu ne, tunda lambar shafi ba ta dacewa idan muna zaune tare. Gaskiyarsa ce ta wannan fuska, amma mun warware matsalar da faɗin farkon sakin layi maimakon lambar shafi.

Ana iya karanta shi a waya?

Ana iya, kuma kyauta, domin haƙƙin mallakar rubutun ya ƙare, yana nan a Wikisource da kuma Gallica, ɗakin karatu na intanet na babban ɗakin littattafan ƙasar Faransa. Yana da amfani idan an ɗauke wuta da dare, ko idan ana neman cike giɓin mujalladin da ba a samu ba tukuna. Matsalarsa ita ce jimla ɗaya tana iya cika fuskar waya sau biyu ko uku, kafin mutum ya kai ƙarshenta farkonta ya ɓace masa, ga saƙonnin WhatsApp suna faɗowa a tsakiya. Waɗanda suka gwada a cikinmu duk sun komo takarda.

Faransancina na makaranta ne kawai. Zai ishe ni?

Wanda ya kai ajin ƙarshe na lise yana karanta jarida ba tare da ƙamus ba, kalmomin littafin ba za su gagare shi ba. Akwai sunayen furanni da tufafi da sassan ginin coci da muƙaman sarautar Faransa waɗanda ko ɗan Faris na yau sai ya duba, kuma yawancinsu ana iya wuce su da fahimtar cewa fure ne ko riga ce. Siffofin aikatau da aka koya mana a aji muka manta saboda ba a magana da su, za su dawo wa mutum cikin mako biyu. Kuskuren da na ga ya fi kashe karatu shi ne tsayawa a kan kowace baƙuwar kalma. Na taɓa ganin kwafin wani ɗalibi da ya rubuta ma'anar kalma goma sha ɗaya a gefen shafi guda, da na tambaye shi me ya faru a shafin sai ya yi shiru.

To yaya ake yi da dogayen jimlolin da ake ta faɗa?

Suna nan da gaske, akwai ma wadda ta haura kalma 800 a farkon mujalladi na huɗu, ko da yake irin wannan ba ta da yawa, kuma gajeru ma suna nan birjik, musamman a cikin hira. Yadda jimlar Proust take shi ne ta ɗauko magana, ta ajiye ta, ta shiga kwatance, daga cikin kwatancen ta shiga wani, sannan ta komo ta ƙarasa abin da ta ɗauko. Ido yana ɓata a hanya, kunne kuwa ba ya cika ɓata. Shi ya sa hanyar da ta yi mana aiki ita ce wadda muka gada tun daga zaure: mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, yana numfasawa a inda waƙafi yake, idan ya kai aya sai wani ya mayar da abin da aka ji da Hausa, a taƙaice, ba tare da duba littafin ba. Idan Hausar ta fito, an gane. Idan ta ƙi fitowa, sai a sake biyawa.

Wannan fassarar baki ta koya mana abin da ba mu zata ba. Sau da yawa jimlar da ta cika rabin shafi, idan aka matse ta sai ta zama magana guda mai sauƙi, misali cewa mutum ya fi son abin da aka hana shi, kuma a nan ne wani zai ce to me ya sa bai faɗi haka ya huta ba. Sai mai gidan ya sa a sake karantawa, a wannan karon a lura da abin da matsewar ta zubar, wato ta wace hanya son ya shigo, da wane lokaci na yini, da ƙaryar da mutumin ya yi wa kansa kafin ya yarda. Wanda yake karatu shi kaɗai ma yana iya yin haka: ya nemi mai aikin da aikatau na asali ya ja musu layi da fensir, ya karanta jimlar ba tare da rassanta ba, sannan ya mayar da rassan.

A ina mutane suka fi ajiye shi?

Wuri biyu. Na farko shi ne shafuka arba'in ko hamsin na farko, inda babu abin da ke faruwa sai barci da farkawa da jiran uwa. Na biyu, wanda ya fi cin mutane, shi ne tsakiyar Le Côté de Guermantes, inda ziyara ɗaya da cin abincin dare ɗaya suke cinye fiye da shafi ɗari kowannensu, ana ta lissafin wa ya auri wa. Mu tara muka fara, a nan huɗu suka zame. La Prisonnière ma yana gajiyar da wasu, saboda kishin mai ba da labari a kan budurwarsa Albertine yana ta zagaye wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke, amma wanda ya kai nan yawanci ya riga ya yi nisan da ba zai koma ba.

Me Bahaushe zai tsinta a labarin attajiran Faris na shekara ɗari da suka wuce?

Fiye da abin da ɗan Faris na yau zai tsinta, a ganina, ko da yake abokan zama suna cewa na cika zuzutawa. Duniyar littafin duniya ce ta asali da muƙami, inda ake auna mutum da gidan da ya fito da gidan da ake karɓarsa, inda tsawon gaisuwa da wanda ya fara miƙa hannu suke da ma'ana, inda sabon mai kuɗi yake neman shiga cikin masu sarauta su kuma suna yi masa dariya a ɓoye suna cin abincinsa. Wanda ya taɓa zama a fadar sarki, ko ya ga yadda ake rabon katin biki a Yamai ana tuna wanda aka manta da gangan, ba ya bukatar a yi masa sharhi.

Akwai gwaggo Léonie, wadda ta daina fita daga ɗakinta amma daga kan gado take lura da duk mai wucewa ta taga, idan ta ga baƙuwar fuska, ko ma baƙon kare, hankalinta ba ya kwanciya sai an aiki mai aikinta Françoise kanti ta binciko. Ranar da muka karanta wurin nan, kowa a zaman ya ambaci sunan wata tsohuwa a unguwarsu. Akwai kuma ƙarshen mujalladi na uku, inda Swann, abokin iyayen mai ba da labari, ya gaya wa aminansa, basaraken Guermantes da matarsa, cewa likitoci sun ce kwanansa ya kusa ƙarewa, su kuma suna sauri za su tafi cin abinci, suka ce ba su da lokacin wannan magana, amma da mijin ya lura matar ta sa baƙin takalmi da jar riga sai lokaci ya samu na komawa a sauya. Bayan an karanta wannan, mai dafa mana shayi ya bar na biyu ya ƙone a kan gawayi.

Abin da yake bukatar ɗan bayani shi ne shari'ar Dreyfus, hafsan sojan Faransa Bayahude da aka yanke wa hukuncin cin amanar ƙasa a 1894 bisa ƙarya, aka wanke shi a 1906. Rikicin ya raba gidaje da abokai, kuma yana ratsa mujalladi na uku da na huɗu. Karanta shafi ɗaya a kan tarihinsa kafin a shiga Guermantes yana sauƙaƙa abubuwa da yawa.

Mene ne labarin ɗan kek ɗin da kowa ke ambata?

Wani ƙaramin kek ne mai siffar ƙwaryar kifin teku, ana kiransa madeleine. Mai ba da labari, bayan ya girma, ya tsoma shi a shayi ya kai baki, sai ɗanɗanon ya dawo masa da garin yarintarsa gaba ɗaya, abin da ƙoƙarin tunani ya kasa yi. Yana nan a farkon mujalladi na farko, shi ya sa har waɗanda ba su wuce nan ba suke iya ba da labarinsa. Malamar da na ambata ta ce ita nata hayaƙin karan gero ne da asuba, duk inda ta shaƙe shi sai ta ganta a tsakar gidan kakarta a ƙauyen Tawa tana jiran a sauke kunu. Ni kuwa wurin da ya fi taɓa ni yana can a mujalladi na huɗu, inda mutumin ya sunkuya zai kwance takalminsa a ɗakin otal, sai a lokacin, fiye da shekara ɗaya bayan an binne kakarsa, ya san a jikinsa cewa ta rasu. Na karanta shi wata bakwai bayan rasuwar mahaifina, kuma makon nan ban je zama ba.

Akwai abin da zai sosa ran mai karatu a cikinsa?

Akwai, kuma gara a sani tun da wuri. Sunan mujalladi na huɗu sunan garuruwan mutanen Annabi Luɗu ne, kuma daga nan zuwa ƙarshe neman jinsi tsakanin maza da tsakanin mata yana cikin manyan batutuwan littafin, ga zaman dadiro da gidajen karuwai, har da wani fage mai nauyi a mujalladi na ƙarshe. Yawanci harshen a lulluɓe yake, marubucin ya fi damuwa da ɓoye-ɓoye da kishi da tsoron tonon asiri, amma littafin manya ne, ba na miƙa wa yaro ɗan kwaleji ba. Ɗaya daga cikinmu ya tsaya a ƙarshen na uku saboda wannan dalili, ya faɗa mana a fili, babu kuma wanda ya matsa masa. A zaman da muke yi, irin waɗannan wurare kowa yana karanta su a gida, a tattauna abin da ya kamata a tattauna.

Wata nawa zai ɗauke ni?

Idan aka yi lissafi da bugun Quarto, shafi 10 a rana zai kai mutum ƙarshe cikin wata takwas, amma shafinsa cike yake, kuma ban san wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ba tare da fashi ba. Azumi zai zo, zafin Afrilu da Mayu zai zo lokacin da ko fanka iskar wuta take hurawa, ga biki da rasuwa. Mu shekara uku da wata biyu muka yi. Abin da na lura shi ne shafi biyar kullum bayan sallar asuba ya fi shafi hamsin ranar Lahadi, domin idan aka yi kwana goma ba a buɗe ba, kunne yana mance muryar, sai an sake wahalar sabawa.

Ya halatta in tsallake wasu wurare, ko in fara da taƙaitawa?

A nan ni da mai gidan ba mu taɓa daidaitawa ba. Shi yana ganin wanda ya tsallake shafi ɗaya bai karanta littafin ba. Ni ina ganin idan zaɓi ya zama tsakanin tsallake shafi goma na asalin sunayen ƙauyuka da ajiye littafin har abada, a tsallake, a sa alama, a komo daga baya. Sai dai a yi hattara, domin Proust yana da halin jefa muhimmin labari, kamar aure ko mutuwa, a tsakiyar jimlar da take magana a kan wani abu dabam, kuma mutumin da aka gani sau ɗaya a mujalladi na farko yana iya dawowa bayan shafi dubu biyu a matsayin da ba a zata ba. Game da farawa da abu mai sauƙi, Un amour de Swann ɗin nan da na kira tarko yana da amfani a nan, tunda labari ne mai kai da gindi wanda ake iya gamawa cikin mako biyu a gwada ko za a iya. Akwai kuma littafin zane na Stéphane Heuet da ya fara fitowa a 1998, wanda yake taimaka wa mutum ya ga tufafi da gidajen zamanin.

Yaya ake adana su a irin yanayinmu?

Gara ita ce babbar abokiyar gaba, sai ƙurar hunturu, sai zafin da ke busar da gam har shafuka su riƙa zubowa ɗaya-ɗaya. Kada a ajiye su a ƙasa ko a jingine da bangon laka, kada kuma a bar su a cikin mota da rana. Akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan bulo ya fi kanta buɗaɗɗiya, a riƙa buɗe shi ana kaɗe su lokaci-lokaci. Tsofaffin bugun aljihu idan suka fara rabewa, masu ɗinkin littafi da ke kusa da wuraren fotokofi a Harobanda suna ɗinke su da zare su sa bango mai kauri, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. A gaya musu kada su datse gefen da yawa, don nawa na biyu an yanke masa harafin ƙarshe na kowane layi a shafuka kusan talatin, sai da na riƙa cikawa da ka.

Za ku iya ba ni aron mujalladi na farko?

Na farko muna bayarwa, muna ma da kwafi uku da muka ware saboda haka, ana rubuta suna da rana a wani kaye da ke hannun mai gidan, wa'adi wata uku. Daga na biyu zuwa sama sai wanda ya dawo da na farko ya kuma zauna ya ba mu labarin abin da ya karanta da Hausa, ko da na minti biyar ne. Na bakwai ba ya fita daga gidan ko kaɗan, domin kwafi ɗaya ne gare mu cikakke. Wanda muke da shi a da, wani ɗalibi ya karɓa zai yi mako biyu da shi, aka tura shi aikin koyarwa wani ƙauye bayan Dogonduci, yau shekara biyu ke nan. Yana kiran mai gidan duk sallah ya gaishe shi, ya ce, "Baba, littafinku yana nan lafiya, saura kaɗan in gama."